Shekarar da Na Riga Kowa Shuka Auduga

A ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Kafur, auduga ita ce autar shuka. Sai an shuka gero, an shuka dawa, an yi musu noman firi, hankalin maigida ya kwanta cewa tuwon shekara ya kama ƙasa, sannan a ce to, a kawo angurya, irin auduga. Kafin nan damina ta yi nisa. Haka na taso na tarar, haka Baba ya tarar wurin nasa uban, kuma ban taɓa jin wanda ya ga aibin hakan ba sai shekarar da na yi aure.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Baba ya yanka mini gayauna, wato gonar da zan noma wa kaina bayan an tashi daga gandu, a kusa da wata tsohuwar ɗorawa. Da ranin shekarar na tafi Funtua ɗaukar kaya a gidan gurzar auduga, don in samu abin da zan fara riƙe iyali. A can na saba da wani malamin gona. Iyayensa mutanen kudu ne, amma a Funtua aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar tawa. Wata rana muna shan rake a inuwa ya tambaye ni yaushe muke shuka a wajenmu. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Audugarku ba ta da laifi, ƙishirwa ce ke kashe ta. Tana fara ƙwallo ruwa ya ɗauke. Ka taɓa duba ƙwallayen sama da kaka?"

Na taɓa dubawa mana. Kowace shekara muna barin su a jikin kara, ƙanana, a bushe, ba su buɗe ba. Mukan ce haka Allah ya yi ta. Tun daga Funtua har gida maganar nan ba ta bar kaina ba.

Na samu Baba a zaure bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so bana in shuka audugata tare da dawa, da ruwan farko da ya jiƙa ƙasa sosai. Bai ɗago ba sai da ya gama fiƙe ƙotar.

Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Wani malamin gona ne a Funtua, Baba."

Ya ce, "Shi malamin, albashi yake ci ko rumbu?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Gayauna taka ce, ko duwatsu ka ga dama ka shuka. Amma daga fitowar rana zuwa azahar kai na gandu ne. Ranar da na nemi hannunka na ji an ce kana wajen auduga, maganar ta mutu."

Na ce na yarda. Ban ji zafin maganarsa ba, domin na san abin da ya gani. Yana yaro an yi yunwar da ta sa gidansu suka ci dusa, kuma mutumin da ya ci dusa ba ka koya masa darajar dawa.

Abin da ya fi damuna shi ne huɗa. Da hannu ni kaɗai, da yamma kawai, sai in kwashe mako biyu ban gama ba. Muna da maƙwabci Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen ƙauyen, yana da bijimai biyu da garma. Tun kafin ruwa ya sauka na je na ɗaura masa jinkar ɗakuna biyu, shi kuma ya ce ranar da na kira shi zai zo. Ya cika alkawari. Wata Juma'a da safe, ranar da ba a zuwa gandu, ya tayar mini da kunyoyi kafin a tafi masallaci. Angurya kuwa a wancan zamani kyauta ake raba ta a ƙofar gidan dagaci. Na karɓi tawa, na shuka cikin yammaci uku.

Masu wucewa suka samu abin dariya. Wani ya tsaya da jakinsa ya ce, "Sannu da aiki, ango! Amarya ta iya tuƙa tuwon auduga kuwa?" Na ce masa ta iya, ya zo cin abinci da kaka.

Wahalar gaske sai da ciyawa ta taso. Aikin gandu ya yi mana yawa, aka shiga kaiwa har la'asar, ina isa gayauna jiki duk ya mutu. Harƙiya ta rufe tsiron har ba ka bambance shi da ciyawa. Na rame, wando ya daina zama a ƙuguna. Mai ɗakina ce ta fitar da ni. Tana sana'ar ƙuli-ƙuli, mace ce mai kaifin hankali, ba ta da yawan magana. Wata Laraba ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, ka gaya wa abokanka su zo jibi. Ni na san abin da za su ci."

Ta sayi wake da shinkafa da ribar ƙulinta, ta dama fura cike da ƙwarya biyu. Abokaina biyar suka zo, har da mai jakin nan da ya yi mini ba'a. Kafin rana ta take mun share gonar tas, muka rage tsiron muka bar bibbiyu a kowane rami. Daga ranar audugar ta miƙe kamar an ja ta da igiya. Lokacin da ta maƙwabta ke ganye huɗu, tawa ta kai gwiwa. Lokacin da tasu ta kai gwiwa, tawa ta yi fure, rawaya da safe, ja-ja washegari. Masu dariya suka koma tsayawa su yi shiru su wuce.

Akwai abin da malamin gona bai gaya mini ba, ni ma ban yi tunaninsa ba. Audugar da ta riga shiga ƙasa takan riga buɗewa, tun ruwa bai gama ɗaukewa ba. Gonata ta yi fari fat a makon da muke cirar gyaɗa a gandu. Na fara tsinka da yamma ni da mai ɗakina, amma kafin mu gama kunya goma wasu ashirin sun buɗe.

Ran nan da hantsi muna tsakiyar gyaɗa sai iska ta canza. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. In ruwa ya sauka a kan buɗaɗɗiyar auduga, ya watsa mata laka, ta tashi daga lamba ɗaya a wurin awo ke nan, kuɗinta ya faɗi. Amma na riga na yi wa Baba alkawari, sai na sunkuya na ci gaba da cira.

Baba ya miƙe ya dafa ƙugu. Ya dubi gabas, ya dube ni, ya daɗe.

Ya ce, "Gyaɗa tana cikin ƙasa, ba inda za ta. Ku ɗauki buhuna." Ya juya wajen ƙanena ya ce, "Kai, ruga gida ka ce wa uwarku kowa ya fito da ƙwarya."

Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Inna ta fito, mai ɗakina ta fito, matan maƙwabta biyu suka biyo su da zannuwa a hannu. Muka bazu cikin kunyoyi, ba mai magana, sai ƙarar busassun ɓawo da ke yankar mana yatsu. Iska tana kwasar farin tana watsawa, Inna tana bi tana cafkewa tana faɗa da iskar kamar mutum. Mun kwashe wajen kashi biyu cikin uku kafin ɗigon farko. Muka ruga da buhuna a ka zuwa zauren gidanmu, ruwa ya tsuge a bayanmu.

Muna tsaye muna haki, Baba ya zura hannu cikin buhu ɗaya, ya ciro dunƙule, ya ja shi a hankali tsakanin yatsu yana duba tsawon zaren. Ya mayar ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba wannan babban kirari ne.

Wadda ruwa ya doka muka bari ta sha rana kwana uku, muka tsinke ta muka ware ta daban. Sai kuma wata matsalar: kasuwar awo ba za a buɗe ta ba sai bayan makonni da yawa, ni kuwa ba ni da rumbun auduga. Mai ɗakina ta fitar da gadonta da kwanukanta ta koma ɗakin Inna, muka cika nata ɗakin har kusa da jinka. Aka hana shiga da fitila, aka mayar da murhu can ƙarshen gida. Akuyar Inna kuwa ta zame mana abokiyar gaba, kullum tana neman shiga ta ci audugar.

Labari ya zaga cewa akwai sabuwar auduga a gidanmu alhali ta kowa tana kore. Matan da ke kaɗi suka fara aiko yara, wasu tsofaffin suka zo da kansu, domin zarensu ya ƙare tun tsakiyar damina kuma masaƙa na jiransu. Ni na ce ba zan sayar ba, sikeli nake jira. Inna ta kira ni gefe.

Ta ce, "Kai, sikeli kuɗinsa ɗaya ne, yau da gobe. Waɗannan kuwa yau suke so. Ranar da ta kowa ta buɗe, ko kallon ƙofarka ba za su yi ba. Ka ba ni ɗaki in taɓa."

Na ba ta kusan sulusi. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida da ƙaramin kwandonta na awo. Wata tsohuwa ta ce ya yi tsada, Inna ta ce, "To Iya, ki jira wata biyu ki saya da araha." Tsohuwar ta yi tsaki, ta kwance bakin zane ta biya. Da Inna ta miƙo mini abin da ta tara, na ga ya fi abin da sikeli zai ba ni nesa ba kusa ba. Daga ranar na daina musu da ita a kan ciniki.

Sauran muka zauna muka tsince shi dunƙule-dunƙule, muna cire ganye da duk wadda ta yi ja. Ranar da aka buɗe kasuwa na ari jakuna uku, muka yi sammako. Filin awon an kewaye shi da waya, layi ya miƙe har bakin hanya, masu tuwo da masu yadi da masu kwanuka sun kafa rumfuna a waje. Wani da ke bayana ya ga buhun da na ware ya ce, "Wauta ka yi. Da ka raba ta cikin sauran, ka binne a tsakiya, wa zai gani?" Na ce masa ni na gani.

Malamin da ke duba auduga ya zura hannu har gwiwar hannu a buhuna na farko, ya ciro, ya duba, ya sake zurawa ta wani gefen. Ya dube ni sama da ƙasa. Ina jin farinta ne ya ba shi shakka, domin ya saba da masu ɗora mai kyau a bakin buhu. Ya ce a zazzage buhun duka a kan tabarma. Mutane suka matso kallo. Na kwance bakin da kaina na juye, na ce, "Malam, in kana so a juye sauran ma, ga su nan."

Ya tona ta da ƙafa da hannu bai samu ko ganye ba. Ya yi dariya ya ce, "Lamba ɗaya. Wa ya tsince maka?" Na ce mahaifiyata da mai ɗakina. Ya ce, "Ka saya musu zane." Buhun da ruwa ya doka na faɗa masa da bakina tun kafin ya taɓa, ya ba shi lamba biyu, ban yi gardama ba.

Na sayi zannuwan, a rumfar wata Bayarabiya da ta sa na buɗe turmi bakwai kafin na zaɓi biyu. Na saya wa Baba bargo, na sayi buhun gishiri na gida. Ragowar ban taɓa shi ba sai da na je wurin maƙwabcinmu Bafulatani, na sayi wani jan maraƙi mai farin goshi.

Baba bai sauya tsarin gandu ba har ya rasu, hatsi ne farko, kuma shekarar da ruwa ya yanke da wuri rumbunsa ne ya riƙe mu duka. Ni ma ban koma shukar makara ba. Da damina ta gaba mutum uku suka zo tambayata ranar da zan shuka, na gaya musu, na kuma ce su tanadi ɗakin ajiya da masu tsinka tun da wuri.

Maraƙin nan sai da ya shekara biyu kafin na sama masa abokin ja. Ranar da na fara ɗaura musu garma suka ja ni a kan ciki har cikin kwari, ƙauye guda na kallo. Na tashi na kakkaɓe riga na sake kama igiya. Kafin ƙarshen watan na yi wa Baba huɗar gandu kaf cikin kwana huɗu, aikin da a da yake cinye mana mako uku da hannu.