Ranar Da Auta Ta Yi Wa Kyaftin Tsawa

Autarmu matuƙiyar jirgin sama ce, kuma har yau in na faɗi haka sai dariya ta kama ni. Yarinyar da tun tana ƙarama ba ta iya ce wa babba a'a! In kawu ya taka mata ƙafa, ita ke ba shi haƙuri. Akwai lokacin da telan unguwarmu ya ɗinka mata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta karɓa ta yi godiya, ta riƙa naɗe dogon. Mama tana alfahari da wannan hali, ni kuwa haushi yake ba ni.

Da ta gama makarantar tuƙi aka ba ta kujerar dama, ta mataimaki. Ta hagu ta kyaftin ce. Yawanci da wani dattijo mai furfura ake haɗa ta, wanda ya fara tuƙi tun ba a haife ta ba. Yana ce mata "'yata", ita kuma tana sunkuyar da kai. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ita da kanta ta taɓa yi mini bayani a kicin, ta mai da ludayi jirgi, tebur kuma titin sauka. In an kusa ƙasa amma jirgi bai sauko yadda ya kamata ba, ko gudunsa ya yi yawa, ba a tilasta masa. Ƙara wuta ake yi, a koma sama, a zagayo a sake gwadawa. In aka yi taurin kai sai ya doki ƙasa, taya ta fashe ko ƙafarsa ta karye. Idan kyaftin bai ankara ba, aikin mataimaki ne ya faɗa da babbar murya.

Na ce, "Ke ɗin? Ke da ko tela ba ki iya yi wa magana ba?"

Ta ce, "Yaya, ai wannan daban ne."

Ban yarda ba, kuma tsoro nake ji mata ƙwarai.

Wata rana da yamma ta dawo ta zauna a bakin gado da kayan aikinta, ko takalmi ba ta cire ba. Da ƙyar muka ji labari. Masu ba da izinin sauka sun riƙe su a sama, sai a ƙurarren lokaci suka ce su sauko. Ta duba allon gabanta ta ga lissafi bai yi ba.

"Na ce masa, 'Kyaftin, kamar mun ɗan yi sama.' Ya ce, 'Zai shiga, 'yata.' Na ce, 'Ka gafarce ni, gudun ma…' Ya ci gaba da saukowa. Titi yana ta matsowa, ga mutane cike a bayanmu."

Mama ta ce, "Sai kika yi yaya?"

"Na ce, 'Koma sama! Yanzu!' Mama, tsawa na yi masa."

Ya tura wuta, suka zagayo, suka sauka lafiya lau kamar an ajiye ƙwai. Amma har suka rabu bai ce mata komai ba. Mama ta dafe kai. Ni kuwa daɗi ya cika ni, sai dai na ɓoye.

Ƙarshen mako sai ga dattijon a ƙofar gida. Mama ta fito da kofunan da ba ta bari mu taɓa, ta zuba shayi, ta soma jero ban haƙuri: yarinta ce, ba haka aka rene ta ba. Ya bari ta gama, sannan ya ajiye kofi.

Ya ce, "Shekarun baya na taɓa tilasta wa jirgi sauka. Ƙafarsa ta karye. Ma'aikaciyar da ke raba wa fasinjoji abinci ta bugu a baya, har yau da sanda take tafiya. Mataimakina ya ga komai. Daga baya na tambaye shi, ya ce nauyina ya ji." Ya juya wajen Mama. "Godiya na zo yi wa wadda ta haife ta."

Mama ta dube shi, ta dubi Auta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "To, ni dai ban koya mata tsawa ba."

Da zai tafi Auta ta raka shi har mota, kai a sunkuye kamar kullum. Washegari na gan ta ta fito da sabuwar rigar da telan nan ya karkace wa wuya. Na bi ta don in ga ƙarshen abin. Da ta isa wurin telan ta gaishe shi, ta tambayi iyali da aiki, sannan ta shimfiɗa rigar a kan keken ɗinkinsa ta ce, "Baba, wannan bai yi ba. A sake."