Dokin da Yake Shan Iska

A shekarar da na kammala jami'a na dawo gidanmu da ke Jambutu, a Garuwa, na tarar da doki a bayan gida. Mahaifina mahauci ne kuma dillalin shanu, wani makiyayi ne ya yi masa kyautar dokin. Saboda gudun ɓarayi Baba ya gina masa barga da bulo, ya rufe da kwano, bai bar ko taga ba. Dawa da dusa ba sa yankewa a kominsa, amma wata biyar ke nan ƙafarsa ba ta taka waje ba.

Tun daga hantsi dokin yakan kafa haƙoransa na gaba a bakin komin katako, ya lanƙwasa wuya, ya ja iska cikin maƙogwaro da wani gurnani mai kama da gyatsa. Ya saki, ya sake kamawa. Baba ya sa wa wannan ɗabi'a suna shan iska, ya kuma ɗauke ta rashin kunya ce. Yana da dorinar da yake korar bijimai da ita a kwata. Da ita yake shiga bargar, ya yi ta tsula wa dokin a wuya da fuska har hannunsa ya gaji. Kafin ya rataye ta, gurnanin ya dawo.

Da dokin ya fara ramewa, aka kira likitan dabbobi, wani mutumin kudu da ya tsinci Hausarsa a kasuwar shanu. Ya duba haƙoran da suka zaizaye, ya shafa shatin bulala, ya dubi bangayen nan huɗu. Ya soma bayani da Faransanci, Baba ya ce ya yi da Hausa.

"Alhaji, doki naka yana shan iska," in ji shi. "Magani shi, shan iska."

"Cutar shan iska, maganin ma shan iska? Malam, a tashar mota ka yi karatun?"

Na fahimci likitan sarai. Shan iska na fita yawo yake nufi: a saki dabbar ta yi kiwo, ta ga 'yan'uwanta. Jimla guda daga bakina ta isa ta raba ma'anonin biyu. Amma kunnena ya tsaya a kan "magani shi", na yi dariya, Baba kuwa ya ɗauki dariyata shaida ce cewa an raina masa hankali. Ya kori mutumin har ƙofar gida.

Bayan mako guda ya jera ƙusoshi a bakin komin, tsininsu na kallon sama. Dokin ya daure har la'asar, sannan ya kama. Leɓensa na sama ya tsage, jini ya zuba cikin dawa, bai kuma saki ba, ya ja iskar tare da jinin. Baba ya faɗa ciki da dorina. Bulala ta uku a ido ta samu dokin. Ya miƙe a kan ƙafafun baya, kansa ya daki kwano, ya sauko da kofato a kafaɗar Baba. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar ƙashi.

Baba ya rarrafo waje, hannunsa na dama yana lilo.

"Ɗauko mini wuƙata."

"Baba, ai ba a cin doki."

"Na ce maka ci zan yi?"

Na tsaya a ƙofar bargar, dokin yana dukan bango a bayana. Na ce: "Baba, gaskiya likitan nan ya faɗa. Cewa ya yi a riƙa fitar da shi yawo, kulle ne ya mayar da shi haka. Tun ranar na gane, na yi shiru."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Sannan ya ɗauki dorinar da hagu, ya zuba mini biyu a wuya.

"Ka gane, ka bar ni ina dukan dabbar Allah? Wannan ne karatun?"

Maƙwabta suka kama shi za su kai shi wurin mai ɗori. A zaure ya waiwayo ya ce kada ya dawo ya tarar da dokin a gidansa.

Na ɗaura wa dokin igiya na jawo shi. Da ya fito fili sai ya tsaya a tsakar gida ya ƙi motsi, sai da na rufe masa fuska da rigata. Kafin magariba na samu kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, mai zuwa Lagdo, inda baffana yake noman shinkafa, ni da yaran motar muka tura shi ciki, mu huɗu.

Idon bai warke ba, ya mutu gaba ɗaya. Dokin yana nan da rai, yana kiwo a bakin ruwa tare da jakunan baffana, ya mayar da jiki, kuma duk wanda zai kusance shi sai ya biyo ta ɓangaren da yake gani.