Ranar da Muka Ɗauko Gwaggo Dije a Mota Mai Zama Kan Iska

Tashi daga Madarunfa

Muna sallame sallar asuba Lawali ya tsaya a ƙofar gida. Ƙanena ne, direban wani Alhaji a Maraɗi, kuma shi ya aro mana kat-kat ɗin maigidansa, babbar motar nan mai shiga daji, don mu ɗauko Gwaggo Dije. Tun tsakiyar damina ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, aka kai ta wurin maɗori a wani ƙauye bayan Gabi, inda take da dangi. Da kaka ta yi, maɗori ya aiko a zo a ɗauke ta, amma da sharaɗin kada a jijjiga ƙafar. In ɗorin ya goce sai an sake karyawa, tsohuwa irin Gwaggo kuwa ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Ni mai sayar da kifi ne, ban san komai a mota ba sai kujera. Lawali tun kafin mu bar gari ya buɗe mini makaranta. Wai wannan ba ta da rasor, ƙarfen nan da sauran motoci ke zama a kai. Jakunkunan roba huɗu ne cike da iska, da wani ɗan inji, kwampiresa, da ke hura su.

"Yaya, ko ƙwaryar nono ka aza nan, ba ta zuba," in ji shi.

Cika baki halinsa ne, amma ranar ya yi gaskiya. Ramuka na wucewa ƙarƙashinmu, ni ina gyangyaɗi. A shingen jandarma ma sai da ya taɓa ni na nemo katin shaidata.

Ƙauyen maɗori

Da hantsi muka isa. Kuka Gwaggo ta fara yi da ta gan mu, sannan ta koma faɗan me ya sa muka daɗe. Aka shimfiɗa ta a kujerar baya, aka tokare ƙafar da matasai. Lawali ya bar motar a kunne don sanyin ciki ya riƙa ratsa ta, mu kuma maɗori, Malam Idi, ya ja mu zaure. Aka kawo tuwon sabon gero da miyar kuɓewa, ya yi ta maimaita mana gargaɗinsa har muka suɗe kwano.

Da muka fito, rabin ƙauyen na kewaye da motar, kowa fuska a washe. Suka ce sun ɗan sa tsaraba a baya. Muka yi godiya muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba motar ta sake hali. Ramin da da safe ban san da shi ba, yanzu sai na ji shi har haƙora. Bayan motar na dukan ƙasa kamar taɓarya a turmi. Na waiwaya, na ga Gwaggo ta cije gefen mayafinta, gumi na tsattsafo mata. Na ji tsoro ƙwarai, don ni na ba dangi tabbacin cewa motar nan ba ta girgiza.

"Lawali, wagga ce ƙwaryar nonon taka?" in ji Gwaggo.

Ya rage gudu, muka lallaɓa kamar masu rakiyar amarya.

Gabi

Muka tsaya gindin bedi, wato dogon yaro, gaban rumfar mai faci. Lawali ya ce a bi abin daki-daki. Taya aka fara dubawa, don in iska ta yi mata yawa mota kan yi tauri. Mai faci ya auna duka huɗun, ya ce lafiyarsu lau.

Sai Lawali ya tuna ya danna maɓallin ɗaga mota sama lokacin da za mu ratsa yashin gulbi, kuma in ta miƙe iyakar tsayinta jakunkunan kan ƙage. Ya danna na saukewa, shiru, sai wata fitila rawaya da ta kama a gabansa. Muka fita muka duba. Ashe ba a sama take ba, bayanta ya zauna daɓas a kan robar da ke tare ƙarfe, shi ya sa muke jin kowane dutse.

"To, iska ta zurare," ya ce, muryarsa ta yi sanyi. Fashewar jaka ba gyaran Gabi ba ne.

Ya kaɗa ruwan sabulu a buta, ya kwanta ƙarƙashi, ya bi jakunkunan da bututunsu yana yayyafawa. In da huda, kumfa za ta taso. Ba ta taso ba. Ya kai hannu wajen kwampiresa, ya janye da sauri yana yarfewa. Injin ya yi zafi har ya kashe kansa, kuma ba ya yin haka sai ya sha aikin da ya fi ƙarfinsa.

"Mi ya wahal da shi haka?" Lawali ya tambayi kansa.

Gwaggo ta leƙo ta taga. "Ai tun can ƙauye shina ta nishi, sa'ad da suka sa kaya."

Muka buɗe baya, muka ɗaga tabarmar da aka rufa. Buhu kan buhu ne har rufi: gero, dawa, wake, gyaɗa, an cusa kabewa a duk inda ya rage. Mai faci ya riƙe baki.

"Gwaggo, kina gani aka yi wanga lodi?" na ce.

"Ina gani mana. Sun ce su aza har sai mota ta zauna, kamar yadda a kan yi. To ita wagga, an sa buhu ta ɗan durƙusa, ta yi huci, ta miƙe. Sai su ce ba ta ji ba, a ƙaro. Har gardama aka yi, kowane gida na son nashi buhu ya kayar da ita."

Dariya ta kama ni har na jingina da bishiya. A wurinmu da zaman bayan mota ake gane lodi ya isa, wannan kuwa tana kunne, duk abin da aka ɗora mata sai ta ƙara iska ta daidaita kanta. Ta yi ta rufa wa kanta asiri har injin ya gaza.

Maida kayan bai taso ba. Gwaggo ta ce ko ƙwaya ɗaya ta koma, ta gama haɗa ido da danginta. Muka samu mai amalanken jaki da zai shiga Madarunfa washegari, muka juye masa. Muka yi azahar, muka sha fura, injin ya huce. Lawali ya tayar da mota, muka tsaya muna kallo. Ta yi ɗan gurnani, bayanta ya taso a hankali, fitilar ta mutu.

Komawa gida

Ramin farko na riƙe numfashi, idona kan Gwaggo. Motar ta haye shi, mayafinta ko motsi bai yi ba. Sai ta shiga ba mu labarin wa ya yi aure, wa ya haihu a ƙauyen.

Bayan la'asar muka shigo gari. A ƙofar gida na duba ƙafar kamar yadda Malam Idi ya nuna mini. Karan ɗorin na nan inda ya ɗaure su, ba kumburi, yatsu na motsi. Daɗi ya cika ni. Na miƙa hannu zan ɗauke ta, ta ture ni.

"Dakata. Tun damina rufin ɗaki nike kallo. Lawali, zagaya da ni bakin tabki in ga ruwa tukuna."

Muka koma muka zauna, ya juya kan mota. Ta sa aka sauke mata gilashi, ta yi ta ɗaga wa masunta hannu har aka kira magariba. Allah ya saka wa Alhaji mai mota da Malam Idi da mutanen ƙauyen nan da alheri, mun gode wa Allah da ya maido mana ita lafiya.