Kaset ɗin da Ya Yi wa Rikodar Inna Kaɗan

Shekarun da nake koyarwa a Bakori, yayata tana aure a Legas, Inna kuwa tana gida a Ƙarfi. Inna ta daɗe tana auna hanyar da za su riƙa gaisawa cikin sauƙi. Wasiƙa sai an sayi kan sarki, kuma sai wani ya karanta mata. Tarho sai an je Funtuwa an bi layi, kafin a gama tambayar mutanen gida lokaci ya ƙare. Sai ta tsaya a kan kaset guda ɗaya: ta yi magana a ciki, direban motar masara ya kai, Yaya ta goge ta ɗauki tata, ya dawo da shi. Ladansa ƙullin daddawa.

Ana haka mijin Yaya ya sayo wata sabuwar na'urar ɗaukar magana. Ran nan direba ya miƙo wa Inna kaset ɗan mitsitsi, bai fi akwatin ashana ba. Ta jefa shi a rikoda, ya kwanta can ƙasa.

Da na zo ranar Asabar ta ce, “Ko bai gama girma ba suka aiko shi?”

Muka tafi Funtuwa wurin mai gyaran rediyo, wani Bayarabe haifaffen garin. Ya juya kaset ɗin ya ce, “Mama, wannan sai irin na'urarsa. A Kaduna ake samu.”

Inna ta ce, “In sayi na'ura don in ji muryar 'yar da na haifa?”

Ya yi dariya, ya ɓare kaset ɗin, ya naɗe zaren cikin wani tsohon babban kaset. Da ya kunna, sai ga Yaya tana zuba da sauri, murya siririya kamar ta ɗan tsako. Ko kalma ɗaya ba mu kama ba. Na ga hankalin Inna ya tashi. Ta ce mu je gida.

A gida ta ɗauko tsofaffin baturan da take shanyawa a rana, waɗanda na sha roƙonta ta zubar. Ba don dabara ta sa su ba, su ne kawai take da su. Rikodar ta ja da ƙyar, maganar ta sauko, ta fara kama da ta mutum. Muka kara kunne. Yaya ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunan Inna.

Inna ta saurara har baturan suka mutu. Sannan ta kalle ni ta ce, “Malam, kai da ka ce a zubar.”

Washegari ta sa na sayo sabbin batura, ta ɗauki amsa. Rabin farko addu'a ce ga jaririya, sauran kuma faɗa ne ga surukinta mai sabuwar na'ura.