Layin da Baba Ya Ja da Alli

Babanmu tela ne, shekara arba'in da tef a wuya. Hali ɗaya gare shi da ya ishi kowa: ba ya yanka yadi daidai awo, sai ya bar rara. Ka ce riga ta yi yawa, ya ce ai jiki canzawa yake. Mun sha yawo cikin riguna kamar buhu.

Da cutar daji ta kama shi, kaluluwa ta fito masa a wuya da hammata, maganin farko bai yi ba. Likita ta ce za a gwada wani ta jijiya: sinadari ne da ke bin jini yana neman ƙwayoyin cutar, ya manne musu, ɗauke da wani haske mai ƙona su. Hasken zai ɗan jima a jikinsa, don haka kwana bakwai kada ya kusanci yara, a bar mita biyu tsakani.

Yarinya ɗaya ce a gidan, 'yata mai shekara uku. Maɓalli yake ce mata, kuma a cinyarsa take cin abinci.

Ranar da ya dawo daga asibiti, ya auna daga bakin gado, ya ja layi a siminti da allin ɗinki. Mita uku ya ja. Kwana bakwai suka cika, ya ce a ƙara bakwai. Na kira likita, ta gaya masa da bakinta cewa haɗarin ya wuce. Ya yi godiya, ya sake jan layinsa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, rarar nan ta isa haka. Ka ɗauke ta mana."

Ya ce, "Yarinya ce. Ba zan yanka mata daidai-daidai ba."

Kullum sai ta zo bakin layi ta tsaya, ta mirgina masa ƙwarƙwaron zare, ya mirgino mata. A mako na biyar jininsa ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kayar da shi, aka mayar da shi asibiti, ɗakin da ba a shiga da yara. Bai dawo ba.

Har yau ina jin haushinsa, kewarsa kuma ta hana ni sakat. Na wanke simintin, allin ya fita tas. Amma duk ranar da Maɓalli ta shiga ɗakin, daidai wurin take tsayawa, ta miƙa hannu.