Malam Audi Baduku da Ɗansa na Fari

Malam Audi Baduku ya taso daga Ruwan Godiya zuwa Ƙanƙara a daminar 2019, shekarar da 'yan bindiga suka hana mutanen garinsu shiga gonakin bakin daji. Ya zo da matarsa Zulaihatu, da 'ya'ya biyar, da akwatin katako mai ɗauke da basilla da wuƙa da zare. Ya kafa rumfa a gindin wata darbejiya kusa da tasha, taku arba'in daga ƙofar gidana. Yana ɗinka takalmi, da kuben wuƙa, da ƙwallon yaran unguwa idan ta fashe. Ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa ganin ya mayar wa mutum aikinsa da ɗinki a karkace ba.

Audi mutumin da ne. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa kama sunan ɗansa na fari, Muhammad Auwal, ba. "Wancan" yake ce masa, ko "yaron nan". Ba ya yabonsa, ba ya dariya a gabansa, in ana hirarsa sai ya sunkuyar da kai kan fata. Haka ubansa ya yi masa, haka mu ma aka yi mana, kuma a zamaninmu babu ɗan da ya ɗauki wannan kunya a matsayin ƙiyayya.

A Ƙanƙara Auwal ya yi aboki, Salahuddeen, mutumin Pauwa, maraya. A zauren Audi yake kwana, a akushi ɗaya suke ci. A 2020 suka tafi Kano koyon walda tare, can kuma suka faɗa wata ƙungiyar ƙwallon zari-ruga. Dukansu biyu a gefe aka sa su, wurin da ake ajiye masu gudu, waɗanda ƙwallo ke isa hannunsu a ƙarshe su zura da ita.

Ni na san wasan tun 1959, a makarantar mishan a ƙasar Zariya, inda wani Bature malamin lissafi ya koya mana shi a fili mai cike da ƙaya. Shekara sittin ban sami wanda zan yi hirarsa da shi ba. Sai ga shi dare ɗaya na zama malamin majalisar rumfar Audi, ina zana fili a ƙasa da sandata, ina nuna musu dalilin da ba a jefa ƙwallon gaba sai baya.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. A Nuwambar 2022 ƙungiyar yaran ta zo wasa Zariya. Audi ya ce in raka shi sayen fata. Ba mu je ko kusa da 'yan fata ba. Muka tsaya bayan waya a ƙarshen fili, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Da Auwal ya karɓi ƙwallo ya wuce mutum uku, Audi ya damƙe hannuna har sai da farcensa ya bar mini shaida. Kafin a tashi ya ce mu tafi, kada yaron ya gan mu.

A farkon 2024 aka kira su biyun sansanin da ake tace 'yan wasan ƙasa, can kudu. Gefe ɗaya yana da mai shi, wani da ya daɗe a ƙungiyar. Saura gurbi ɗaya, ga yaranmu biyu. Nan majalisa ta rabu. Barau direba, mutumin Faskari, ƙasar su Audi, ya tsaya wa Auwal. Lawwali mai shayi ya ce Salahuddeen ɗan ƙasar Ƙanƙara ne, ba zai sayar da gida ba. Malam Sha'ibu, malamin firamare daga Sabuwa, ya buɗe musu zaure a WhatsApp, har 'yan wasan Kano suka shiga.

Ranar Talata ce da hantsi gardamar ta yi zafi.

"Kai Lawwali, me ka sani ban da madara da Lipton?" in ji Barau. "Yaron nan in ya zura, ko motata ba ta kamo shi."

"Motarka da ake turawa kullum safiya? Ai ko ni na fi ta sauri. Gudu ba shi ne wasa ba. Tambayi Baba Malam, ga shi zaune. In ƙwallo ta suɓuce maka, gudun me za ka yi, na gudawa?"

Na ce dukansu suna da gaskiya. Auwal ya fi sauri, Salahuddeen ya fi riƙe ƙwallo da iya kayar da mutum. Ba wanda ya gamsu.

"To ga mai kayan nan," in ji Barau. "Malam Audi, kai ka ciyar da su duka. Tsakaninka da Allah, wa ya cancanta?"

Audi bai ɗago ba. "Ku bar ni in yi aikina."

"Yau dai sai ka faɗa," in ji Lawwali. "Ko tsoron Barau kake?"

Suka yi ta matsa masa. Ni na san ba shi da amsa sai guda ɗaya. Mutum irinsa ba zai zaɓi ɗan cikinsa a bainar jama'a ba, balle a kan maraya da ya ci tuwon gidansa. Ya ja zare, ya ce, "Salahuddeen yaro ne mai natsuwa, shi ya kamata a ɗauka. Wancan kau me ya iya? Gudu kawai, kamar an kwance maraƙi."

Muka yi dariya, har da Barau, domin duk wanda ke wurin ya san abin da maganar ke nufi. Ban lura Sha'ibu ya ɗaga waya yana naɗar muryarsa ba. Kafin azahar muryar Audi ta shiga zauren WhatsApp, kafin la'asar ta isa sansani.

Daga baya Salahuddeen ya ba ni labarin abin da ya faru can. 'Yan wasa daga Legas da Fatakwal suka sa aka fassara musu. A wajensu uba yana tsayawa bakin fili yana kiran sunan ɗansa har muryarsa ta dushe. Suka riƙa yi wa Auwal kukan maraƙi duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. Wani ya tambaye shi da gaske, cikin tausayi, laifin me ya yi wa mahaifinsa. A wasan gwaji na ƙarshe ƙwallo ta faɗi daga hannunsa sau uku. Ban san ko masu zaɓe sun ji muryar ba, kuma ba zan ɗora musu abin da ban gani ba. Da sunaye suka fito, Salahuddeen aka ɗauka.

Auwal bai zo ƙaramar Sallah ba. Bai zo babba ba. Yana kiran ƙanwarsa Shafa'atu ya gaishe da mahaifiyarsa, in ta ce ga Baba sai ya kashe waya. Sha'ibu ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri, Audi ya ce babu komai. Amma majalisa ta watse, kuma a karo na farko na ga ya warware ɗinki ya sake.

Wata rana na ce masa, "Malam Audi, yaron nan ya yi shekara huɗu a birni, ya cuɗanya da mutanen da ba su san kunyarmu ba. Ka kira shi ka gaya masa."

"In ce mashi me, Malam?"

"Ka ce masa ka je Zariya ka kalli wasansa."

Ya daɗe yana kallon basilla. "Shi bai san abin da ke raina ba? Ɗan da na haifa, sai na buɗe baki na yi mashi bayani kamar baƙo?"

"A da ya sani. Yanzu ba shi da tabbas."

Bayan kwana tara, ran 14 ga Satumba, ya aiko a ce in shirya, Barau zai kai mu Kano. Muka fita bayan rana ta ɗaga, domin ba a bin hanyar da sassafe saboda 'yan bindiga, kuma dole mu dawo kafin la'asar sakaliya.

Filin da suke atisaye yana da katanga da mai gadi, wani dattijo Babarbare mai littafin baƙi. Ya ce ba a shiga sai an faɗi wanda ake nema.

"Wani yaro ne mai wasa a gefe," in ji Audi.

"Suna da yawa. Sunansa?"

Audi ya juyo ya dube ni. Shekara biyar ni ke faɗin sunan a madadinsa a duk inda ake bukata, a asibiti, a wurin katin zaɓe. Ranar na kawar da kai ina duban motoci. Barau ma ya gane, ya bi sahuna.

"Alhaji, ina da aiki," in ji mai gadi.

Audi ya gyara tsayuwa. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta abin da bai saba ba. "Muhammad Auwal. Ɗana ne. Shi ya fi kowa gudu a nan."

Mai gadi ya aika ciki. Wanda ya fito Salahuddeen ne, da gumi a jikinsa. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya kasa haɗa ido da Audi. Ya ce Auwal ya bar ƙungiyar mako biyu da suka wuce, ya bi wani maigidan walda zuwa Legas, ya kuma sauya layi. Shi kaɗai ya ba sabuwar lambar, da sharaɗin kada ya ba kowa a gida.

"Baba, ni da na san haka za ta zama, da na bar masa gurbin."

"Kul. Gurbinka ne, Allah ya ba ka. Riƙe amanarsa, kada ka ba ni lambar." Ya nuna mai gadi. "Tambayi bawan Allah nan abin da na ce mashi. Ka kira shi ka faɗa mashi yadda na faɗa, kada ka rage ko harafi."

Muka juyo da ƙarfe ɗaya da rabi.

Salahuddeen ya ce ya isar da saƙon a daren ranar, kuma Auwal ya sa ya maimaita masa sau biyu, sannan ya ce ya ji. Yau wata huɗu ke nan bai kira ba. Audi yana rumfarsa daga hantsi zuwa la'asar. Da can a gida yake barin wayarsa, yanzu tana cikin akwatin kayan aiki, kuma kullum da azahar sai ya miƙa wa Lawwali ya sa masa caji.