Ni Ba Sabuwar Zuwa Ba Ce

A Akokan, garin masu haƙar uraniyom da ke gefen Arlit, ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne, don ba wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin. Abin da ake tambaya shi ne, yaushe ka zo? Da wannan ake sanin babba, da shi ake sanin wanda zai yi shiru in ana magana. Ni na zo daga Damagaram tun layinmu bai kai gida goma ba, da tukunya biyu da miji mai aikin ƙarƙashin ƙasa. Tun kafin mijin ya rasu tukwanen suka zama shida, na kafa rumfar abinci kusa da inda motocin kamfani ke sauke ma'aikata. Hajiya ake ce mini, ko da yake a lokacin ko Yamai ban taɓa zuwa ba, balle Makka.

Ni na fara ɗora parabol, faifan nan mai kamo tashoshin tele, a layinmu. Shekara bakwai ina biyan abonoma, wato kuɗin kallo, duk ƙarshen wata, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, har watan da nake takaba aikawa na yi aka biya. Takardun biyan ina tara su a gwangwanin madara. Kada wani ya ce son kallo ne ya dame ni, ni ina na ga lokacin zama? Tele rabin miyata ce. Ma'aikaci ya fito daga rami, yana so ya ci shinkafa idonsa na kan labarai ko ƙwallo, in babu sai ya nemi inda akwai.

Bencin da ke hannun dama na tsofaffin masu cin abincina ne, su bakwai. Babbansu wani tsohon direba ne Ba'abzine, ya yi shekaru yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Arlit har idonsa ya raunana. Baba nake ce masa. Danginsa suna can cikin duwatsu, kuma da tawaye ya sake tashi karo na biyu, labarinsu ya yanke masa. Kullum da azahar zai zo da sandarsa, ya zauna a bakin bencin, ya zuba wa labaran tashoshin waje ido. Ya ce wataƙila wata rana a nuna dutsensu.

Shekarun nan abu biyu suka haɗe mana. Hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, ana tsoron nakiyar da ake binnewa a hanya, albasa da tumatir na masu lambu sun yi wuyar samu. Amma kuma garin cika yake yi da baƙi, don sababbin kamfanoni sun shigo neman uraniyom. Direbobi, masu awon ƙasa, masu neman aiki daga Tawa da Katsina da Sakkwato, kullum ka ga fuskar da ba ka sani ba.

Ana nan sai ga talla a cikin telen tawa. Wata mata ce ta sha ado, tana ta murmushi, tana cewa kamfanin parabol ya kawo sabuwar dekodar, akwatin da ke buɗe tashoshi, mai tashoshi da yawa, kuma kyauta ce ga kowa da kowa. Da kunnena na ji, da Hausa aka faɗa. Akwai wani ɗan rubutun Faransanci da ke gudu a ƙasa kamar jerin tururuwa, wa zai tsaya karanta shi? Na buga ludayi a bakin tukunya na ce wa mutanen benci, "Baba, ku shirya, kafin Juma'a za ku ga tashoshin da ba ku taɓa gani ba."

A nan na yi wauta, kuma wautar ƴar kasuwa ce. A wurinmu gyara ta wanda ya daɗe yana saye ce. Baƙo ka auna masa daidai, ba ka cuce shi ba. Wanda ya shekara yana zuwa kuwa, shi ake ƙara wa tsoka, shi ake kankaro wa ƙanzo. Don haka ni a lissafina, in kyauta ce ga kowa, to ni ce ta farko a layi. Har da sa sabon mayafi, na ɗauki gwangwanina na tafi Arlit.

Wakilin kamfanin ba baƙona ba ne. Mutumin Tawa ne, tun yana gwauro yake ci a rumfata, kuma ban taɓa sallamarsa ba gyara ba. Muka gaisa, na juye masa takardun a kan tebur. Ya dube su, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, kyautar ta sababbin shiga ce. Haka aka rubuta a ƙasan tallar."

"Matar ta ce kowa da kowa."

"E, kowa da kowa cikin waɗanda ba su taɓa yi ba. Ke tsohuwa ce, in kina so sai ki saya."

 Na ce ya sake faɗa, ya sake. Sai ya rage murya, wai zai taimake ni. In kawo katin ɗan ƙasa na ƴata ko na wani ɗan'uwa, a rubuta da sunansa a matsayin sabon shiga, tsohuwar lambata ta abonoma kuwa a bar ta ta mutu. Ya ce kowa haka yake yi, minti biyar an gama.

Na ce, "Ƙanena, dube ni da kyau. Lokacin da na zo garin nan kana ina? Ni zan tsaya gabanka in ce sabuwar zuwa ce ni? Shekara bakwai ɗin nan fa, kare ya cinye su?"

Ya ce na'urar kamfanin da ke Yamai ba ta san wannan ba. Na kwashe takarduna ɗaya bayan ɗaya, ban bar masa ko guda ba, na fito.

Abin da ya ƙara mini zafi, a tsallaken titi wata mata ta buɗe rumfa, ko wata biyu ba ta yi a garin ba, ga sabon parabol nan yana ƙyalli a kan rufinta. Ba ni da komai da ita, ta samu ta karɓa, ni ma da ni ce haka zan yi. Amma duk na ɗaga kai sai na gan shi.

Kashegari wakilin ya zo cin abinci kamar kullum, ko kunya babu. Kusa da shi wani baƙo ne ya zauna, ranar na fara ganinsa. Na cika wa baƙon kwano, tsoka uku, na ce kyauta ce. Shi kuma na auna masa ludayi biyu cif, na share bakin ludayin, ba nama. Ya dubi kwanonsa ya dubi na baƙon.

"Hajiya, yau kuma lafiya?"

"Lafiya lau. Naman na sababbin shiga ne. Kai tsoho ne, in kana so sai ka saya."

Benci ya ɗauki dariya, har Baba sai da ya gyara rawaninsa. Wakilin ya ce shi ɗan aike ne, ba shi ya tsara ba. Na san gaskiya ya faɗa, na tsoma masa tsokarsa. Amma na gaya masa a gaban kowa: ƙarshen watan nan ba zan biya ba, kuma ba zan sake biya ba sai an ba ni abin da aka ba baƙo, da sunana, da lambata. Ya ce, "Rumfarki za ta watse." Na ce ta watse.

Na zagaya wajen tsofaffin masu parabol irina, tela da mai walda da mai shagon magani, na ce mu haɗa kai mu daina biya. Kowa ya rantse yana tare da ni. Kafin kwana goma duk sun kai katin matansu an rubuta su sababbi. Telan ma da ya hango ni sai ya sunkuyar da kai cikin keke. Oho dai, na ce, ni kaɗai ma na isa.

Ranar da aka yanke mini tashoshin, na rufe telen da zane, na gaya wa mutanen benci gaskiya, cewa alkawarin Juma'a ya gagare ni, kuma ga dalili. Baba ya ce da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Hajiya, in ka kashe, ka kashe. Mu da shinkafarka muka saba."

Faɗa da baki ba wuya. Sati na farko baƙin suka tsallaka titi, ban yi mamaki ba. Na biyu sai na benci suka fara zamewa, wannan ya ce matarsa ta fara aiko masa da abinci, wancan ya ce likita ya hana shi mai. Ina jin su da yamma a tsallake suna sowa in an ci ƙwallo, muryar kowa na gane ta. Tukunya shida ta koma uku. Cikin su bakwai, Baba kaɗai ya rage.

Shi kuwa kullum zai zo ya zauna a wurinsa, ya ci abincinsa yana fuskantar zanen da na rufe tele da shi. In lokacin labarai ya yi sai ya lallaɓa ya tsallaka, ya tsaya a bakin rumfar matar nan. Ba ya shiga, don ba abincinta ya saya ba, kuma mutum ne mai kunya. Daga nan cikin rana yake leƙe ta saman kawunan mutane, da idon da ba ya gani sosai. In an gama ya dawo ya sha ruwa a randata.

Wannan shi ya kusa karya ni. Wata rana aka yi ta raɗe-raɗin an gwabza a wajen garinsu, na gan shi tsaye can ya dogara da sanda, ya fi awa guda. Na ji kunya, na ji haushin kaina. Na ce ke, taurin kanki tsoho ne ke biyansa. Na shiga ɗaki na ɗauko katin ƴata, na ɗaure a bakin zane, na kama hanyar tasha. Sai da na kai har inda ake shiga motar Arlit, na tuna zan zauna gaban mutumin nan ya tambaye ni ko na taɓa yin abonoma, in buɗe baki in ce a'a. Ƙafata ta ƙi. Na juyo gida, na sami Baba ya dawo, na gaya masa inda na je da abin da ya dawo da ni. Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya ce dai rana ba ta kashe mutumin Abzin.

Wata uku cur muka yi haka. Rannan da hantsi sai ga wakilin da kwali a hammata, yana washe baki kamar shi ya ci gasa. Wai daga Yamai aka aiko da sunayen waɗanda suka daina biya, aka ce a bi su a lallashe su su dawo, a ba su sabuwar dekodar kyauta. Sunana ne na farko a takardarsa.

Na ce, "Ikon Allah. Shekara bakwai ina biya na'urarku ba ta san ni ba, wata uku na ƙi biya har ta haddace sunana?"

Ya ce haka tsarin yake. Na sa ya nuna mini lambar da yatsa, na ɗauko tsohuwar takarda daga gwangwani na gwada, ita ce, ba a canja ko ɗigo ba. Sannan na ce ya hau ya ɗaura. Ba na fushi da haƙƙina.

Kafin azahar labari ya zaga. Rumfa ta cika har waje, waɗanda suka gudu da waɗanda ban taɓa gani ba, kowa na miƙo kwano. Daɗi ya kwashe ni, ba zan ɓoye ba. Ina zubawa ina dariya, duk baƙuwar fuskar da na gani sai in ƙara mata tsoka don gobe ta dawo. Ina cikin haka na ɗaga kai, sai na ga Baba a tsaye jikin ginshiƙin rumfa, a rana, yana leƙe ta saman kawunan mutane. A wurinsa wani ma'aikacin sabon kamfani ne zaune da rigar aiki sabuwa fil, kuma ni da hannuna na gama ɗora masa nama biyu.

Na ajiye ludayi, na je na kashe telen. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na ce wa ma'aikacin, "Ɗana, tashi, wurin nan da mai shi."

Ya ce ai ya biya kuɗinsa. Na ce kuɗin shinkafa ya biya, ga shinkafarsa nan a hannunsa, yana iya cinta a ko'ina. Ya tashi yana gunaguni, ya tsallaka titi, abokansa huɗu suka bi shi. Ban kira su ba. Na share bencin da gefen zanena, na je na kamo sandar Baba na kawo shi, sai da ya zauna ya daidaita sannan na kunna.

Ranar ma ba a nuna dutsensu ba. Amma ya kalli labaran tun daga farko har ƙarshe, a zaune.